Da Sauƙi

Ni yanzu duk wanda ya ce mini "ya jiki?", in yana ciwo sai in ce masa yana ciwo. Wasu na cewa tsufa ya fara taɓa ni, wasu na cewa rashin tawakkali ne. Su yi ta faɗa. Abin da na gani a gidan da nake haya ne ya raba ni da kalmar nan ta "da sauƙi", kuma ban ga ranar da za mu shirya ba.

Gidan na Direba ne. Bango ɗaya ya raba ɗakina da nasa, bangon kuwa irin wanda in an yi tari a can sai in ce sannu daga nan. Keken ɗinkina yana bakin taga, tagar tana kallon tsakar gida da ƙofar waje. Don haka ba leƙe nake yi ba, abin ne yake zuwa ya same ni.

Babbar mota yake ja, mai ɗaukar siminti. Ranar da ciwon ya kama shi yana tsugune a bakin famfo yana wanke takalmi. Buroshi ya suɓuce daga hannunsa na dama, ya miƙa zai ɗauka, hannun ya ƙi zuwa, sai shi ma ya bi buroshin ƙasa. A asibiti aka ce hawan jini ne ya shanye masa ɓarin dama. Da aka sallamo shi hannun yana lilo, ƙafar jan ta yake. Amma babbar asarar a harshe take. Mutumin da in ya fara ba da labarin hanya sai shayi ya huce ba a sha ba, ya dawo da kalma biyu kacal a bakinsa. Yana ji, yana ganewa, idonsa tar, amma duk abin da ya yi niyyar faɗa, in ya iso leɓe sai ya fito "da sauƙi".

Ina tsaye a asibitin riƙe da kwanon abinci likita ya faɗa ƙarara: "Wannan kalmar ciwon ne ya bar masa ita, ba amsa ba ce. Kuma kada ya kusanci sitiyari sai na sake ganinsa." Kowa ya ce to.

Kowan nan mutum uku ne. Akwai matarsa, Maman Yara. Akwai ƙanensa, Baba Ƙarami, wanda ya zo kwana biyu tun babban ɗan gidan yana rarrafe, har yau bai gama kwana biyun ba. Ya ma sa an gina masa falo a bakin ƙofar gida, da tayil da labule da ƙatuwar talabijin, duk daga guminsa na yayansa. Yana da ciwon baya mai basira, wanda ba ya tashi sai an ambaci aiki. Sai babban ɗan, da ya taɓa yin wani kwas ya dawo ya ce a riƙa kiransa Injiniya.

Da farko abin tausayi ne zalla. Direba zai ji ƙishirwa, ya kalli randa, ya ce, "Da sauƙi."

"Alhamdulillahi," in ji mai wucewa, ya wuce.

Rannan fitsari ya matse shi. Ya yi ta bugun tabarma da hannun hagu yana cewa da sauƙi, da sauƙi, har muryarsa ta dishe. Baba Ƙarami ya leƙo daga falo ya ce, "Mun ji, Yaya, mun ji. Allah ya ƙara sauƙi." Babban mutum da furfurarsa ya jiƙa wando a tsakar gidansa, ya juya fuska bango. Ni na rufe tagata don kada ya san na gani.

Sai ga Mai Mota, wanda Direba yake ja wa motar, ya zo dubiya da ledar lemu. Mutum ne mai tumbi da waya biyu, ɗaya a kunne ɗaya a hannu. Kafin ya shigo an sa wa Direba riga mai guga, an ɗora hannun da ya shanye a kan cinya, an lulluɓe shi da tawul kamar wanda ya gama alwala.

"Direba na! Ya jiki?"

"Da sauƙi."

"Madalla. Ka san tun da ka kwanta motar nan ba ta ga alheri ba. Yaran da na ba su, mai suke sha kamar da bakinsu. Kai kaɗai ne ba ka taɓa sayar mini da ko ɗigo ba. In ba za ka tashi ba zuwa ƙarshen wata, dole in miƙa ta ga wani har abada. Yaya ka gani, tuƙin zai yi maka wuya?"

Direba ya zaro ido. Ya girgiza kai, ya ɗaga hannun hagu yana nuna ƙafarsa, jijiyar wuyansa ta tashi. Ya tattara ƙarfinsa duka ya ce, "Da sauƙi!"

"Kun ji ko!" in ji Baba Ƙarami. "Ranka ya daɗe, da bakinsa ya faɗa."

"To kan da yake girgizawa fa?"

"Ai wannan ciwon ne, rawa kan yake yi. Baki ake bi."

Mai Mota ya dubi mutanen ɗakin ɗaya bayan ɗaya, har da ni da na shigo aron almakashi da ba na buƙata. Ya ce, "To, ni dai a gaban shaidu na tambaye shi." Ya tashi. Lemun ma Baba Ƙarami ne ya sha, wai zaƙi ba shi da kyau ga mai hawan jini.

Washegari aka buɗe makarantar tuƙi a tsakar gida. Injiniya ne shugaba. Ya zaunar da uban a kujerar roba, ya ba shi faranti a matsayin sitiyari, ya jera silifa uku a ƙasa: kuloci, birki, totur. Muciya aka soka a bokitin yashi ta zama giya. Baba Ƙarami ya kwanta a tabarma saboda bayansa, yana ba da umarni.

"Ga akuya ta shigo titi! Birki!"

Ƙafar Direba ta yi motsi kamar mai tunanin ko ta je ko ta fasa. Ta ja, ta ja, ta sauka a kan totur.

"Ya kashe akuyar," in ji ƙaramar 'yar gidan.

"Rufe mana baki. Silifan ne suka yi kusa da juna. Yaya, a sake. Ga mai keke! Birki!"

Wannan karon ta sami birkin, amma sai da na gama ɗinke hannun riga guda.

"Ka gani?" in ji Baba Ƙarami. "Ai motar doguwa ce. Kafin bayanta ya iso wurin, ya riga ya taka."

Na leƙa ta taga na ce, "Baba Ƙarami, da gaba ake take mutum ko da baya?"

"Tela, ki ji da zarenki."

"To kai me ya hana ka koyi tuƙin?"

Ya dafa ƙugu ya yi nishi. Na juya ga Injiniya. Ya ce shi bai yi karatu don ya riƙa warin baƙin mai ba, kuma yana jiran kira daga wani kamfani. Kiran nan tun ina da haƙoran gaba ake jiransa.

Hannun dama ya ƙi riƙe muciya, sai Injiniya ya kawo dabara: a ɗaure tafin a kan giya da robar tayar keke, kafaɗa ta riƙa turawa. Aka ɗaure. Hannun ya kumbura ya yi baƙi. Aka tambayi Direba ko ɗaurin ya yi tsauri, ya ce da sauƙi, aka ƙara zagaye ɗaya.

Mai Mota ya bugo waya ya ce shi mutum ne mai bin ƙa'ida, a turo masa hoton awon jini. Aka ɗauko na'urar awo aka naɗa wa Direba. Lambar da ta fito ta sa Maman Yara salati. Baba Ƙarami ya ce batir ne, aka canza batir. Ta ƙara hawa. Ya ce a gwada a hannun da ya shanye, shi ai ba ya da tashin hankali. Nan ma ba ta sauka ba.

"Na'urar nan ita ke da hawan jini," in ji shi.

Ƙarshe Injiniya ya cire agogon uban da zobensa na azurfa ya sa a nasa hannun, ya naɗa na'urar, aka ɗauki hoto daga gwiwar hannu zuwa yatsu. Mai Mota ya turo amsa cewa ma sha Allah, har fatar Direba ta yi kyau. Agogon kuwa bai koma hannun mai shi ba.

Ranar komawa asibiti ta zo ta wuce. Na tuna wa Maman Yara tana tsintar shinkafa. Ba ta ɗago ba.

"Tela, in mun je me likita zai tambaye shi? Ya jiki. Me zai ce? Da sauƙi. To ga shi mun ji a gida."

"Ke ma kin san ba amsa ba ce."

Ta tsinci tsakuwa ta jefar. "Na sani. Kin ɗauka ban sani ba? Ni nake wanke shi. Amma kin ga bakunan da ke gidan nan? In motar nan ta tafi, wa zai cika tukunyar? Wancan na falo, ko mai jiran kira?" Ta share ido da bakin zane. "Kuma an ce in mutum ya koma aikin da ya saba, jiki yakan tuna. Wata ta ce mini mijin ƙanwarta haka ya warke."

"Direba ne?"

"Mai gadi ne."

Ban ƙi ta ba, wallahi. Tsoro ne ya cika mata ciki. Amma tsoron nata a kan ƙafar wani za a ɗora shi, a tura shi titi da siminti a baya.

Direba ya fara ƙin abinci. Aka ce yana rage tumbi ne don ya ji daɗin shiga mota. Ya ɗauki gawayi da hannun hagu ya yi ta zane a ƙasa, yana so ya rubuta wani abu, amma haruffan ma sun gudu tare da maganar. Abin da ya fito kamar sawun kaza. Injiniya ya sunkuya ya duba ta nan, ya duba ta can, ya ce, "Ya rubuta 'a shirye nake'." Direba ya jefe shi da gawayin. Baba Ƙarami ya yi tafi, ya ce a dubi saiti, hannun hagun nan kaɗai ya isa tuƙi.

Wata rana da hantsi gidan ya yi shiru, na kai masa ruwa na zauna kusa da shi. Na ce, "Maigida, ba sai ka yi magana ba. In kana son komawa mota, kama hannuna."

Ya ɓoye hannunsa a bayansa kamar yaro. Hawaye ya gangaro ta gefen bakin da ya karkace. Sai ya nuna ƙofar gida, ya yi alama da tafinsa ƙasa-ƙasa, daidai tsayin ƙananan yara, ya sake nuna ƙafarsa. Na gane. Layinmu gangare ne. Daga ƙofar gidan titi yake sulalewa har ƙasa, kuma a ƙasan akwai makarantar firamare da masu tallan kayan miya a bakin hanya. Shekara da shekaru in zai sauka da mota, tun daga sama yake danna hon yana tafiya kamar mai bin gawa. Ba kansa yake ji wa tsoro ba.

Na samu Baba Ƙarami da maganar. Ya rage ƙarar talabijin ya saurare ni da ladabi, sannan ya ce, "Tela, ke 'yar haya ce ko 'yar gado?" Na kira Mai Mota da lambar da ke jikin kalandarsa da ke rataye a ɗakin Direba. Ya ce, "Hajiya, iyalinsa sun ce ya warke, shi ya ce ya warke, na'ura ta ce ya warke. Ke ce likitan?" Ya kashe.

Ranar tafiya da safe wani direba ya kawo motar, cike da siminti, ya ajiye ta sama da gidan kaɗan, hancinta na kallon gangare. Ya miƙa makulli ya hau babur ya tafi. Maƙwabta suka fito kallo. Aka fito da Direba cikin wankakkun kaya, an fesa masa turare. Matakalar motar ta gagare shi, sai da mutum huɗu suka cicciɓa shi kamar buhu suka tura ciki. Baba Ƙarami yana daga ƙasa yana cewa a yi a hankali, bayansa bai bar shi ya sa hannu ba.

Injiniya ya hau ya ɗaure hannun a giya da robar nan, ya ɗaga ƙafar ya ajiye ta a kan birki, ya tayar da injin, ya sauko da sauri. Na ce masa, "Ba za ka raka shi ba?" Ya ce yana jiran kira.

"Yaya, ya ka ji kujerar?" Baba Ƙarami ya ɗaga murya don jama'a su ji.

"Da sauƙi."

Jama'a suka ce ma sha Allah. Wata tsohuwa har da guɗa.

Ni ina tsaye daidai tagar motar, ina ganin fuskarsa. Gumi ya jiƙa wuyan rigar. Ya dubi ƙafarsa, na ga tana zamewa daga kan birkin a hankali, ba da izininsa ba. Ya ɗaga kai ya dubi ƙasan layi. Lokacin shiga makaranta ne, yara sun cika titi da jakunkuna, wasu na gudu wasu na tsayawa sayen gyaɗa. Ya daɗe yana kallonsu. Sannan ya juyo ya dubi gidansa.

"Saki birkin hannu mana, Baba!" in ji Injiniya.

Ya danna hon. Ya danna shi da ƙarfi bai ɗaga ba, har duk wanda ke ƙofar gida ya toshe kunne ya watse gefe. Sai da ya ga wurin ya zama fili sannan ya saki birkin hannu. Motar ta fara gangarawa. Na ga ya rungumi sitiyari da hannun hagu da ƙirji da haɓa, ya murɗa shi iya ƙarfinsa. Ƙatuwar motar nan ta juya hanci a natse, kamar saniyar da ta gane gidansu, ta haura dakali, ta shige falon Baba Ƙarami.

Ƙarar ba ta kai yadda za ka zata ba. Bango ya durƙusa, kwanon rufi ya sauko, ƙura ta tashi. Da ta lafa sai ga labule a rataye a madubin mota, talabijin kuwa tana ƙarƙashin tayar gaba ta zama faranti. Injin ya yi tari ya mutu. A ƙasan layi aka buga ƙararrawa, yara suka shige aji, ba wanda ya ma san an yi wani abu.

Baba Ƙarami, mai ciwon baya, ya tsallake kwata da tsalle ɗaya. Yana ɗaga bulo da hannu bibbiyu yana ihu, "Falona! Tayil ɗina!" Mutumin da bai taɓa ɗaga bokiti ba. Maman Yara ta zube a ƙasa ta ɗora hannu a ka. Injiniya na ɗaukar hoto. Ba a jima ba Mai Mota ya iso, waya a kowane kunne, yana zagaya motarsa yana salati yana cewa an yaudare shi, shi da ma ya ga alama.

Ni da wani mai faci muka hau muka kwance robar, muka sauko da Direba. Goshinsa ya ɗan fashe, ban da haka ko ƙwarzane. Muka zaunar da shi a kan buhun siminti da ya faɗo. Duk suka taru a kansa.

"Yaya, ka ga abin da ka yi? Ka ga ɓarnar da ka yi mana?"

Direba ya dubi falon da ya rushe. Ya dubi motar. Ya miƙa wuya ya dubi ƙasan layi, inda babu kowa sai masu kayan miya suna korar ƙuda. Ya sauke numfashi mai tsawo, irin wanda ban ji ya yi ba tun da ya kwanta. A hankali, ba gardama tsakanin bakinsa da idonsa, har da gyaɗa kai, ya ce, "Da sauƙi."

"Sauƙi?" Baba Ƙarami ya yi kururuwa. "Wane irin sauƙi? Jama'a ku ji mini! Mutumin nan bai san abin da yake faɗa ba!"

"Ai likita ya faɗa," in ji Injiniya. "Ciwon ne ya bar masa kalmar. Ba amsa ba ce."

"Tun farko ba shi da lafiya," in ji Mai Mota. "Kowa ya shaida."

Kowa ya shaida kuwa. Bakunan da suka ce ma sha Allah ɗazu su ne suka ce wallahi sun lura.

Yanzu Baba Ƙarami ya koma ɗakin Direba, tunda nasa ya rushe kuma bayansa ba ya son sanyi. Direba an mayar da shi ɗakin ajiya, tsakanin buhun gawayi da tsohuwar taya. Ba a fesa masa turare, ba a yi masa guga. In baƙo ya tambaya sai a ce, "Ai kansa ya taɓu, gidansa ma ya rushe da hannunsa." Maman Yara ta fara sayar da ƙanƙara, tukunya kuma ba ta daina tafasa ba. Da ma ana iyawa.

Ni nake kai shi asibiti yanzu, ranar da ba ni da ɗinki da yawa. Muna bi ta gaban makarantar nan a hankali, yana jan ƙafa, yara na kewaye mu da gudu, ba su san shi ba. Watanni ya yi yana faɗin kalmar nan alhali ƙarya ce, gidan duka suka ce gaskiya ce don ta yi musu daɗi. Sau ɗaya tak ya faɗe ta tana gaskiya, ranar ce suka tuna ba shi da lafiya.